Tukwane Shida a Bayan Rumbun Kawu

Ranar da mutanen ƙauyenmu na ƙasar Zurmi suka watse, kowa abin da hannunsa ya kai ya ɗauka. Wasu buhun gero, wasu tabarma da tukunya. Wata ma an ce turmi ta ɗora a ka, ta yi tafiyar rabin yini kafin ta tuna ba ta ɗauko taɓarya ba. Innata ƙwai ta ɗauko. Ƙwan zabbi ne cikin ƙwarya, ta zuba ƙaiƙayi a tsakaninsu, ta ɗaure da ɗankwali. Zabbin kansu ba su kamu ba. Da suka ji harbi sai suka tashi suka hau tsamiya, kuma babu mai lokacin lallashin zabo a irin wannan rana. Irin nan daga gidan mahaifinta ta zo da shi, fiye da shekara arba'in bai yanke a hannunta ba. Mahaifinmu ya riga ya rasu, shanu an kore su, ɗakunan ma daga baya muka ji an ƙone. Abin da ya rage mata na gida shi ne abin da ke cikin ƙwaryar nan.

Na so ta zauna wurina a Ƙaura, ta aiko mini cewa gidan siminti ba wurin zabo ba ne. Na ce ta aiko, alhali a tsakar gida ɗaya muke zaune lokacin. Ni ɗan fari ne, ita kuma irin mutanen da ce, masu riƙe kunya da hannu biyu. Tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba, ba ta kuma fuskantata da magana. In tana da abin faɗa sai ta faɗa wa wanda ke kusa, in babu kowa ta faɗa wa kaza ko bango, ni kuma in tsinta. Mutumin Ƙaura take ce mini. Ƙannena suna shiga ɗakinta su miƙe ƙafa har su yi mata tsiya, ni kuwa daga bakin ƙofa nake durƙusawa in gaishe ta, ta amsa tana kallon wani wuri. Ban taɓa ɗaukar abin ƙiyayya ba. Haka na tashi na gani, kuma kunyar ta shige ni har na kusa fin ta iyawa.

Shinkafi ta zaɓa, gidan ƙanenta da ke bakin gari, inda bayan gida ya haɗe da gonaki. Matar Kawu ta ba ta kaza mai kwanci, aka sa mata ƙwan. Goma sha bakwai suka ƙyanƙyashe. Matar Kawu ta gaya mini a waya cewa ranar ce Inna ta fara cin tuwo har ta ƙara tun da ta zo.

Ni aikina a ɗakin gwaje-gwaje ne, a wata makaranta a Ƙaura. Ba malami ba ne ni. Ni ne mai wanke kwalabe, mai awo, mai rubuta abin da aka gani. A shekarar muna kan aikin gara tare da wani malami da ya ƙwallafa rai a kanta. Kowa ya san halin maganin feshi: ka fesa, wadda ta fito ta mutu, ka yi murna, bayan sati biyu ƴan uwanta su ɓullo ta wani gefen. Wadda ido ke gani ma'aikaciya ce kawai, uwar tana can ƙarƙashin shuri tana zuba ƙwai. Abin da muke nema shi ne abinci mai guba wadda ba ta kashewa nan take. Gara ta ci, ta koma gida da ƙafarta, ta ciyar da ƴan uwanta baki da baki kamar yadda suka saba, har abin ya kai ga uwar. Dabarar duka haƙuri ce. Kada gubar ta yi ƙarfi, kada kuma a riƙa taɓa wurin, don gara in an dame ta ƙaura take yi.

A takarda abin gwanin sha'awa. A ƙasa kuwa gara ta ƙi cin abincinmu. Mun yanka bututun roba mun hudhuda, mun cusa kwali da garin katako kamar yadda muka karanta, mun binne. Wata da watanni muna tonowa muna tarar da kayanmu yadda muka sa su. Abin haushin, ƙofar ɗakin ajiyarmu ta katako, inda ba mu gayyace ta ba, ita ta cinye har ƙasa. Malamin ya fara saurin fushi, ni kuma dama ba a rasa ni da shi.

Cikin wannan hali na je Shinkafi gaida Inna, ƴan zabbin suna da sati ɗaya. Na kwana, da safe bayan mun dawo daga masallaci na zagaya bayan gida, sai na tarar da ita a sunkuye kan wasu tsofaffin tukwane da aka kife a ƙasa. Ta ɗaga ɗaya ta juye a faifai, sai ga gara fara fat tana zuba, ta cika faifan. Ƴan zabbin suka rufe ta suna kuka. Tun ina yaro nake ganin ana wannan a ƙauye, amma ban taɓa kallonsa a matsayin ilimi ba, aikin tsofaffi ne kawai da ake wucewa ta gefensa. Ranar na tsaya kamar an dasa ni.

Ta san ina wurin, ta kuma san aikin da nake yi a Ƙaura, don ƙannena ba sa riƙe magana. Sai ta fara yi wa ƴan zabbin bayani.

"Ku ci, ku ci," in ji ta. "Gara ba ta son rana, ba ta son iska. Wanda duk yab ba ta duhu da damshi, yas sa mata busasshen kashin shanu da karan gero da ɗan tsumma, ita da kanta za ta zaka. Ba a roƙon ta."

Matar Kawu tana shara kusa da mu. Na ɗaga murya na tambaye ta, ko me ya sa sai tsohuwar tukunya, ba sabuwa ba?

Inna ta kalli kazar ta ce, "Sabuwa warin wuta gare ta. Mutanen boko dai ba su iya komi ba sai tambaya."

Matar Kawu ta yi dariya har ta saki tsintsiya. Ni ma na yi, amma hannuna yana aljihu yana laluben biro.

Da na koma Ƙaura na bi gidajen unguwarmu ina neman tsofaffin tukwane, har mata suka fara tambayar matata ko lafiyata ƙalau. Na haɗa kamar yadda na gani, na yayyafa ruwa da hannu, na kife a bayan ɗakin gwaji. Kwana uku na ɗaga, tukwanen sun cika maƙil. Malamin ya zo ya tsuguna, ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni inda na samo dabarar. Na ce masa tunani na yi. Har yau in na tuna wannan amsa sai in ji raina ya ɓaci da kaina. Mutumin kirki ne, da na ce uwata ce ta koya mini da ya ji daɗi. Amma na fi son a ce kaina ne ya ja.

Muka shiga gauraya guba a cikin haɗin, kaɗan kaɗan, muna neman ma'aunin da gara ba za ta ji ta guje ba. Da muka ga alamar nasara sai maganar gwaji a gidajen mutane ta taso. Kawu ya sha yi mini kukan gara tana cin itatuwan da rumbunsa ke zaune a kai, ga hatsin da ke ciki yanzu ba na gidansa kaɗai ba ne, har da baƙin da suka gudo. Na ce a sa gidansa cikin na farko. A raina ina jin wani alheri zan kai.

Na isa da la'asar da tukwane shida a bayan babur. Na zauna da Kawu a zaure na yi masa bayani tiryan tiryan: akwai guba a ciki, kada a taɓa, kada a ɗaga, zan dawo bayan sati biyu. Na karanta masa takardar yarda ya dangwala yatsa.

"Ba komi," in ji shi. "Ni hwaɗa ma mata su hana ɗiya zuwa wurin."

Na zagaya bayan rumbu na fara aiki. Wurin bai fi taku goma ba daga inda tukwanen Inna suke, don duk gidan nan ne gara ta fi yawa. Na jera kashin shanu, na karya kara, na yayyafa ruwa da hannu, komai yadda na ga tana yi. Kowace tukunya na shafa mata jan fenti na rubuta GUBA da manyan baƙaƙe, a gidan da matan cikinsa babu mai karatun boko. Na ɗora dutse a kan kowace don kada kaza ko akuya ta ture. Na yi tunanin kaza, na yi tunanin akuya, Kawu ya yi tunanin yara.

Inna tana zaune a bakin ɗakinta tana tsinke zogale, daga inda take tana hango ni. Da na waiwaya sau ɗaya na ga hannunta ya tsaya cak a cikin ƙwarya, sai ta yi sauri ta ci gaba. Ya zo mini a rai in je in durƙusa in gaya mata abin da ke cikin tukwanen. Amma magana ce mai tsawo, wadda sai an dubi juna ake yin ta, mu kuma ba mu taɓa yin irinta ba. Sannan a ƙarƙashin wannan akwai wata kunyar, marar kyau: in faɗa mata na ɗauki dabarar da take ciyar da ƴaƴan zabbinta na mayar da ita hanyar kisa, ban ma ambaci sunanta ba. Na ce wa kaina ai na gaya wa mai gida, magana ta kai inda ya kamata.

Da na zo sallama na durƙusa a inda na saba. Kullum abin da take cewa a gaya mini shi ne Allah ya kiyaye hanya. Ranar sai ta ce wa matar Kawu, "A ce ma mutumin Ƙaura Allah shi yi mai albarka." Ta maimaita. Aka kuma miƙo mini ƙullin daddawa. Na ji daɗi, na hau babur, ban tsaya tambayar kaina dalili ba.

Sati biyun suka cika hanya ba lafiya. Direbobi suka ajiye motoci, masu babur ma suka ce sai an ga yadda ta yiwu. Ana cikin sati na uku matar Kawu ta kira ni. Ta ce ciwo ya shiga ƴan zabbin, kullum sai an tsinci ɗaya ko biyu. Inna ta ce a tambayi mutumin Ƙaura ko a can akwai maganin kaji mai kyau. Wannan ne karo na farko a rayuwata da ta nemi wani abu daga wurina. Na je na sayo maganin har kala uku, kuma wallahi ko kusa zuciyata ba ta kawo mini komai ba. Damina ce, ciwon kaji ba baƙo ba ne.

Ranar da hanya ta buɗe na tafi. Halina ne in na isa wuri aiki nake fara dubawa, don haka ko ruwa ban sha ba na wuce bayan rumbu. Tukwanen suna nan, duwatsun suna kai. Amma ƙasar da ke bakin kowace tukunya a share take, babu ginin gara da ya kamata ya manne ta da ƙasa. Na ɗaga ɗaya. An sha ɗaga ta. An ƙara sabon kara a kan haɗina, an yayyafa ruwa, an mayar a tsanake. Duka shidan haka.

Raina ya ɓaci matuƙa. Aikin sati uku ya tashi a banza. Na shigo tsakar gida ina faɗa, ina tambayar wane ne ya taɓa mini kaya bayan na ce kada a taɓa. Matar Kawu ta fito daga madafa tana goge hannu.

"Kai, kwantar da hankalinka, ba wanda yat taɓa su," in ji ta. "Innarka ko kusa ba ta barin kowa shi je wurin. Ita kaɗai ka ɗaga su da sahe. Tun randa kak kihe su ta aje nata, tac ce tunda mutumin Ƙaura ya taso takanas ya yi ma zabbinta tukwane har da jan ado, ba ta ƙara ba su wata gara sai tashi."

Na zauna a ƙasa. Kawu ya cika alkawari, ya ce a hana yara zuwa, an kuma hana. Abin da ya gaya wa yayarsa shi ne tukwanen ɗanta ne, na gara ne. Babu ƙarya a ciki. Ita kuma ta ga ɗanta na fari ya zo ya tsuguna kusa da tukwanenta, ya yi aikinta da hannunsa, ya tafi bai ce uffan ba. A tsakanina da ita haka ake kyauta. Shekara da shekaru in na kawo mata atamfa ko takalmi a bakin ƙofa nake ajiyewa in wuce, ita ma haka take aiko mini da abu. Me zai sa ta ɗauka wannan dabam ne?

Na gaya wa matar Kawu abin da ke cikin tukwanen. Ta dafe ƙirji ta yi salati, sannan ta ja ni gefe ta rage murya.

"Kada ka hwaɗa mata. Ka kwashe abinka ka tahi, mu ce ciwo na. Wanga abu ya riga ya wuce."

Na so in bi shawararta, ba zan ɓoye ba. Na ɗauki ledar maganin na nufi ɗakin Inna da niyyar in ajiye in gaishe ta in fita. Ta shigar da ƴan zabbin cikin ɗaki, a cikin kwando kusa da gadonta. Saura uku. Ɗaya ya kwanta ya miƙe ƙafa, biyu suna tsaye suna rawar jiki, in sun yi taku sai su kife. Su ma ba su kai Juma'a ba. Tana ɗiga wa na kwancen ruwa a baki da yatsa. Ta rame, idonta ya faɗa.

Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa tana kallon kwandon. Sai ta ci gaba da magana da wanda ke hannunta.

"Laihina na," in ji ta. "Na tsuhwa, hannuna ya mutu. Tun ina budurwa irin ga bai taɓa yankewa gare ni ba. Ga shi an yi muku gata irin wanda ba a taɓa yi ma uwayenku ba, an taso tun daga Ƙaura, ni ko na kasa riƙonku. Da na bar ku can kun ƙyanƙyashe cikin daji da ya hi."

Wannan ne na kasa ɗauka. Zan iya zama da ƙarya, na riga na gwada a gaban malamin na ga ina iyawa. Amma ba zan iya tafiya in bar ta tana ɗora wa hannunta abin da nawa ya yi ba. Na tashi daga bakin ƙofa na shiga ɗakin, abin da ban yi ba tun ina yaro, na zauna a ƙasa a gabanta. Na ga ta ɗan ja ƙafarta.

Na ce, "Inna, ba ciwo ba na. Ni na."

Na faɗa mata duka. Yadda gara ta ƙi abincinmu, yadda na ɗauki dabararta na ce tawa ce, yadda muka sa guba a ciki, yadda na kawo don rumbun Kawu. Na ce jan fentin ba ado ba ne, gargaɗi ne na rubuta. Na ce na ga tana kallona ranar, na san ya kamata in zo in gaya mata, ban zo ba. Ban ɗaga kai ba har na gama. Na shirya wa kuka, na shirya wa faɗa, har baki na shirya ta yi mini, don na san abin da na raba ta da shi ba ya sayuwa a kasuwar Shinkafi ko ta ko'ina.

 Ta mayar da ɗan zabon cikin kwando a hankali, ta gyara masa tsumma, ta goge yatsanta a zane. A waje ina jin matar Kawu ta daina motsi da kwanoni.

Da ta yi magana, bango ta kalla, kuma a muryarta babu fushi ko kaɗan.

"Ashe ba don ni anka kihe su ba."

Gaskiya ta faɗa.